Ƙwallon Aduwa Goma na Latifa

Unguwar Wadata, Tawa
Ran Asabar da hantsi

Zuwa ga yayana Ɗahiru, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga babban wanta, da ladabi da kewa mai yawa. Ina fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk mutanen Adar da kuke zaune tare a can. Allah ya tsare mana kai a ƙasar mutane, ya sa albarka a nemanka, ya raba ka da zazzaɓin nan da ya kwantar da kai bara, ya maido mana da kai gida lafiya. Mu nan duk ƙalau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har ya koma zuwa Juma'a da kansa, ba sai an ɗauke shi a kabu-kabu ba. Inna tana nan yadda ka san ta. Har yanzu ba ta faɗin sunanka, sai dai mai Abijan, kuma duk ranar da miya ta yi daɗi sai ta ce da mai Abijan yana nan da ya tashi da malmala uku. Zafi ya fara shigowa, ruwan randa ba ya kai la'asar.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. To ai ka san halina. In Inna ta miƙo mini wayar, daga lafiya lau sai to, sai in miƙa wa na kusa da ni, bayan ka kashe kuma duk maganar da na shirya ta dawo mini. Wadda nake ɗauke da ita yau doguwa ce, kuma ta ɗiyarka Latifa ce. Malam Baƙo mai albasa zai tashi jibi da motarsu, ya yi mini alkawari zai sa takardar a hannunka. A cikin ambulan ɗin akwai abu biyu ban da ita. Don Allah kada ka duba su sai ka kai ƙarshe.

Ka tuna da aka buɗe lakkol bana, aka kawo mana Latifa daga Tungar Manzo, can arewa da Afala, daga wurin uwarta Hasiya da kakarta Iya Talle, saboda babu makaranta kusa da su. Ɗaki ɗaya muke kwana ni da ita. Ka kuma tuna jarrabawar kompozisiyo ta farko, da ta kawo sifili a kalkil, wato lissafi. Malamarsu, Madam Habsatu, ta kira Inna ta ce yarinyar nan ta ɗaure mata kai: tana waƙa, tana hadda, rubutunta ya fi na kowa tsabta, amma da an zo lissafi sai ta rufe baki kamar an ɗinke shi. Da Inna ta faɗa maka a waya, ka ce in dai kanta bai ɗauka ba kada a wahalar da yarinya, a jira kompozisiyo ta biyu, in ta sake zuwa haka a maida ta wurin uwarta. Na san da tausayi ka faɗa. Abin da ba ka sani ba shi ne muryarka tana fita har tsakar gida, kuma Latifa tana bayan ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ɗaki ta shiga, ta ninke kayanta duka, har rigar lakkol, ta zuba a ƴar jakarta ta tura ƙarƙashin gado. Tun daga ranar, da safe ta ciro riga, da dare ta maida. Yarinyar da ke tashi tun asuba ta wanke allonta na ardwaz da ruwa, ita ce ta fara zama kamar baƙuwa mai jiran mota.

Zan faɗa maka wani abu, amma kada ya kai kunnen Baba. A lokacin ina tsakiyar wani littafin soyayya da ƙawata Habi ta ara mini, irin waɗanda nake sakawa cikin littafin tarihi in zauna kamar mai karatun jarrabawar brebe. An kai daidai inda yarinyar take tsaye a tasha, ba a san ko masoyinta zai zo ko ba zai zo ba. Na karya tsinken tsintsiya na sa a shafin, na rufe, na yi wa kaina alkawari ba zan sake buɗe shi ba sai Latifa ta iya goma a cire uku. Kai ba za ka san nauyin wannan alkawari ba, amma Habi ta ce ban da hankali.

Muka fara zama bayan la'asar ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida. Na ɗebo wake a kwanon Inna na zuba a faifai. Yaya, yarinyar nan ta ƙirga wake har talatin ba ta yi tuntuɓe ba. Na ware huɗu, na ware biyar, na ce ta haɗa, kafin in rufe baki ta ce tara. Na ce a raina ashe aikin ma ba wani aiki ba ne, gobe zan koma tasha in ga ko ya zo. Sai na buɗe littafinsu na lakkol. A shafin an zana awaki biyar a gefe, biyu a gefe. Nan take ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinya, ta juya kai tana kallon bango. Na lallasa, na roƙa, na yi mata alkawarin alewa, shiru. Kwana uku muna haka. A rana ta uku raina ya ɓaci, na ce mata mai taurin kai, na ce wulaƙanci ne kawai take yi wa mutane. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Awakin maƙwabcinmu Tanimu ne suka warware mini. Ran nan gab da magariba muna zaune a ƙofar gida, mai kiwo ya koro bisashen unguwa, na gidan Tanimu suka shige a guje suna ture juna. Latifa ko tashi ba ta yi ba, ta ce jar nan mai tsagaggen kunne ba ta dawo ba, ita da ɗanta. Awakin nan sun kusa ashirin, kuma ba nata ba ne, wucewarsu kawai take gani. Aka duba, haka ne, sai can bakin tabki aka samo su. Na riƙe ta na ce to Latifa, yanzu nawa suka shiga gida? Sai ta sa tafin hannunta ta toshe mini baki. Ta ce Gwaggo, ba a ƙirga bisashe, Iya ta ce wanda ya ƙirga su da baki raguwa suke yi, mutane ma haka. Da na ja ta a hankali sai sauran ya fito. Ashe ranar farko a aji Madam ta tashe ta ta ƙirga ƴan layinsu, ta ƙi. Littafin kuma daga awaki sai tumaki sai kaji. Abin da ya fi tsorata ta shi ne cirewa. Ta ce Madam sai ta ce a cire awaki uku, ba ta faɗin inda za a kai su. A Tunga kuwa akuyar da aka cire, ko ta mutu, ko dila ya ɗauke, ko an kai ta kasuwar Barmu shekarar da hatsi bai yi ba. Ta ce ita ba za ta kashe akuyar kowa da bakinta ba. Wata biyar ke nan, Yaya, yarinya ƴar shekara bakwai tana shan sunan daƙiƙiya don ta tsare awakin cikin littafi. Madam ba ta da laifi, yara sun fi tamanin a ajinta, wa zai zauna ya tambayi ɗaya me take tsoro.

Ban ce mata Iya ta yi kuskure ba. Wace ce ni, kuma ko na faɗa ba za ta yarda ba. Akwai aduwar da Iya ta aiko mana a buhu, sai na ɗebo goma muka zauna muka tsotse, muka wanke ƙwallayen muka shanya a kan katanga. Da suka bushe na ce mata ta dube su da kyau: suna shan ruwa? Ta ce a'a. Suna kuka? Ta yi dariya. Na ce to waɗannan ba awaki ba ne, wurin awaki kawai suke riƙe musu, kamar yadda take ajiye takalmi a layin famfo ya riƙe mata wuri. Duk akuyar da ke cikin littafi mu ɗora mata ƙwallo ɗaya a baya, mu ƙirga ƙwallon, akuya tana zaman lafiyarta. Ta jujjuya ɗaya a hannu, can ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan zanen, ta ƙirga da raɗa, ta ce bakwai. Na so in yi guɗa amma Baba yana alwala.

Cirewa ce ta ba mu wuya. Kafin kwana biyu ta raɗa wa kowane ƙwallo suna, akwai Ja, akwai Mai Gemu, akwai Ɓarauniya, saboda haka da na ɗauke uku na jefa gefe sai idonta ya cika da hawaye, muka koma gidan jiya. Na kwana ina tunani. Da safe ina shan koko na tsaya ina kallon ƙoƙon hannuna, sai dabara ta zo. Da la'asar na kife ƙoƙon a kan tabarma na ce wannan rijiya ce. Duk wanda aka cire ba mutuwa ya yi ba, ruwa ya tafi sha, yana ƙarƙashin ƙoƙo. Uku suka shiga. Ta leƙa ta tabbatar suna nan, sannan ta ƙirga na waje ta ce bakwai. Na ɗaga ƙoƙon na ce sun dawo, ta ce goma. Muka yi ta yi, biyu su tafi, biyar su tafi, su dawo. A kwana na huɗu, ban koya mata ba, ta kife wasu ba tare da ta ƙirga ba, ta dubi na waje ta ce shida ne, to na rijiya huɗu ne ke nan, don duka goma ne ko suna nan ko ba su nan. Ta ɗaga, huɗu cif. Ta tashi ta zagaye dogon yaro sau biyu da gudu, har ta kifar da butar Baba.

Daga nan yaran maƙwabta suka fara leƙowa, kowa da abin da ya samu, wani marufin kwalba, wata tsakuwa, wasu kuma suka faɗa wa tsintsiyar Inna da zare tsinke har ta koma kamar jelar ɓera. Inna ta ce in lissafin nan bai ƙare ba, da ardwaz za mu riƙa share mata gida. Suka sa mini Madam Zuwaira, har a hanyar famfo suke kira, ni kuwa sai in ja mayafi in ƙara sauri. Sai dai abu ɗaya ya rage. Latifa tana faɗin amsa da baki, amma ta ce ba za ta rubuta lamba a ƙarƙashin zanen akuya ba sai Iya ta yarda. Kompozisiyo kuwa a rubuce ake yi.

Saura kwana huɗu a yi ta, ran Lahadi, sai ga Iya Talle ta shigo cin kasuwa. Maganarka ta riga ta kai Tunga. Bayan an gaisa ta sha ruwa, ta ce tunda uban yarinya ya yi magana mi za a jira, ga motar Afala nan za ta tashi bayan azahar, a ba ta jikarta su tahi, ko ba komi ta taya ta kiwon ƴan awaki. Inna ta sunkuyar da kai, ka san ba za ta ja da surukarka ba. Baba ya ce magana ta uban ɗiya ce. Kafin a ce wani abu Latifa ta shiga ɗaki ta fito da jakarta a rungume. Yaya, ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya, ban san lokacin da na durƙusa gaban Iya ba. Muryata kamar ta wata. Na ce ta yi mini arziki ta ba mu daidai lokacin da za ta shanye furarta, ta ga wani abu, in bai yi mata ba ni da kaina zan kai jakar tasha.

Na shimfiɗa tabarma, Latifa ta kwance ƙwallayenta daga bakin zane, na kife ƙoƙo. Na faɗa wa Iya duk abin da ya faru, har dalilin shirun. Tana saurare tana ta juya ludayi. Muka yi biyu, muka yi uku, duk daidai. Sai Iya ta ajiye ludayin ta ce wannan ai ni ce nake tambaya, ƙila mun haddace ne, bari ita ta yi tata. Ta ce awaki tara suka nufi rijiya, biyu suka maƙale wurin cin ƴaƴan gawo, ɗaya kuma ta haihu a hanya, tagwaye, to nawa suka isa bakin ruwa? Mu kuwa ba mu taɓa haɗa cirewa da ƙari a tambaya ɗaya ba. Latifa ta jera tara, ta tura biyu ƙarƙashin ƙoƙo, ta duba hagu da dama, ta ɗauko marufin kwalba biyu ta ce su ne jariran. Ta ƙirga ta ce tara suka isa, amma Iya, biyun can sai an koma an koro su kafin rana ta faɗi. Iya ta yi dariya har ta sarƙe, sai da Inna ta buga mata baya.

Abin da ya biyo baya ko Inna ba ta taɓa gani ba. Iya ta sa hannu a ƙugunta ta zaro wata tsohuwar igiya, ta yi baƙi don shafa, duk jikinta ƙulli ne. Ta ce tun tana amarya take da irinta, in akuya ta haihu ta ƙulla, in ta fita daga garke ta kwance. Ta ce ita ma ba ta taɓa ƙirga akuya ba a rayuwarta, ƙulli take ƙirgawa. Ta jawo Latifa jikinta ta ce ke ƴar nema, awakin takarda ba su shan ruwa ba su haihuwa, ki ƙirga su ki rubuta har hannunki ya gaji, nawa dai ki bar mini su. Ni kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe ƴar shirun gidan nan tana da baki, ta ɗauka kai ka tafi da shi Abijan. Motar Afala ta tashi da ita ita kaɗai. Amma a ƙofa ta ce ita ba ta ƙwace maganar uba ba, jinkiri kawai ta yi, hukunci naka ne.

Shekaranjiya aka ba su takardunsu. Tara bisa goma, Yaya, a kalkil. Ɗayar da ta rasa kuwa ba kuskure ta yi ba, tambaya ce da aka zana yara suna wasa, ta bar ta fara fat, don Iya izinin awaki ta bayar, ba ta ce komi a kan mutane ba. Wannan sai mun sake zama. Madam Habsatu ta aiko a kira wanda ya koya mata, na je ina tsammanin faɗa. Sai ta sa na tsaya gaban aji da ƙoƙona na nuna wa yara rijiya. Na yi, ban faɗi ba, ko da yake ban tuna yadda na dawo gida ba. Ta ce daga yanzu kowane yaro ya zo da ƙoƙo ko murfin kwano. Ban faɗa wa kowa ba sai kai: in Allah ya ba ni brebe bana, ina jin aikin malanta nake so. Littafin Habi kuma na buɗe shi bayan kwana ashirin da uku. Ya zo tashar, sun yi aure. Na ji daɗi, amma wallahi bai kai ranar da Latifa ta ce huɗu ne a rijiya ba.

Ga roƙona. Jakar Latifa har yanzu tana ƙarƙashin gado a ɗaure. Na ce ta kwance, Inna ta ce ta kwance, ta ce babanta ne ya ce a maida ta, kuma babanta bai sake magana ba. Don Allah ranar da takardar nan ta same ka, ka kira, ka ce a ba ka ita, ka faɗa mata da bakinka cewa ta zauna. Ba sai ka yi dogon bayani ba, kalma ɗaya ta ishe ta.

Ka gaishe mini da Kawu Sadiƙu da iyalinsa, ka ce Inna ta ga atamfar, ta gode. Ka gai da Lawali da Abdulrahim, ka ce wa Abdulrahim uwarsa ta zo daga Kalfu ta yi mana kwana biyu, lafiyarta lau, tana cigiyar muryarsa. Baba da Inna suna sa maka albarka. Hasiya ta aiko gaisuwa ta bakin Iya, ita da jaririnta suna lafiya.

Yanzu ka duba ambulan. Takardar ita ce ta kompozisiyo, ka ga taran da jan biro, ka nuna wa duk wanda ka ga dama. Ɗan abin da ke naɗe a ƙyalle kuma ƙwallon aduwa ne, ɗaya daga cikin goman. Shi ne mafi tsawo, tun farko Baba ta sa masa suna, wato kai. Ita ta ba ni da hannunta ta ce in aika maka. Inna ta ce ta tsotsi wata aduwar ta cike gurbin, ta ƙi, ta ce goman nan goma ne, ɗaya ne kawai yake ƙarƙashin ƙoƙo. Da tara take lissafi yanzu. Ta ce ka adana shi da kyau, kuma kada ka ba Malam Baƙo ya kawo, kai za ka dawo da shi da kanka.

Wassalam. Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,

Zuwaira